Daga MySQL zuwa PostgreSQL: 0000-00-00 ya tsayar mini da aiki, me zan sa a madadinsa?

Nura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kwashe bayanan wata manhajar rajistar marasa lafiya daga tsohon rumbun bayanai na MySQL 5.5 zuwa na PostgreSQL 16. Na fitar da teburan a fayilolin CSV, ina loda su da COPY, umarnin PostgreSQL na zuba fayil cikin tebur. Ƙananan teburan sun shiga lafiya lau, amma da na iso kan babban teburin sai aiki ya tsaya cak da wannan saƙon:

`ERROR: date/time field value out of range: "0000-00-00"`

Kuma COPY ba ya ɗaukar rabi ya bar rabi, layi ɗaya ya lalace duka ya fasa. Tunanina in bi fayil ɗin in musanya duk 0000-00-00 da 1900-01-01 ko 1970-01-01 in wuce wurin. Wanne ya fi dacewa a cikin biyun? Masu aikin suna jira na.

Aminu:
Wa alaikumus salam. Kada ka wahalar da kanka da CSV. Ɗauko pgloader, manhajar kwashe bayanai zuwa PostgreSQL, ka nuna masa MySQL ɗin kai tsaye. Yana da ƙa'idar da ake kira zero-dates-to-null, da kansa zai mayar da sifiran nan NULL, wato gurbin da ba a sa masa komai ba, ya kuma cire NOT NULL, sharaɗin da ke hana barin gurbi ba komai. Kafin ka juya ya gama.

Malam Habu:
Nura, dakata tukuna. Kada ka sa ko ɗaya daga cikin biyun. Kafin a ce maka ga abin da za ka zuba, sai an san abin da sifirin yake wakilta.

PostgreSQL bai yi laifi ba da ya ƙi karɓa. Babu shekara ta sifiri a kalandar da yake bi, babu wata na sifiri, babu rana ta sifiri. MySQL ne ya daɗe yana barin mutane su ajiye wannan a matsayin "ba komai", kuma sai a siga ta 5.7 aka sa NO_ZERO_DATE, saitin da ke hana kwanan wata na sifiri, da tsauraran ƙa'idoji cikin saitin asali. Naka 5.5 ne, ke nan shekara da shekaru yana haɗiye duk abin da aka ba shi. A waɗanne gurabe kake ganin sifiran?

Nura:
Malam, a gurbi uku ne: ranar haihuwa, ranar kwantarwa, da ranar sallama. Dukkansu NOT NULL ne, kuma DEFAULT ɗinsu, wato abin da ke shiga in ba a cike ba, 0000-00-00 ne. A ranar sallama suka fi yawa.

Sadiya:
To ka ga inda maganar take. Sifiri ɗaya kake gani a ido, amma aƙalla abu uku ne daban ya taru a ƙarƙashinsa.

A ranar sallama, yana iya nufin mutumin har yanzu yana kwance, ba a sallame shi ba. Yana iya nufin an sallame shi tun 2013 amma ma'aikacin bai cike ba. Na ukun shi ne wanda mutane suke mantawa da shi: MySQL ɗin da ba a ɗaure da tsauraran ƙa'idoji ba, idan aka tura masa kwanan watan da ba ya wanzuwa, misali 2014-02-30, ba ya ƙi. Gargaɗi kawai zai bayar, wanda galibin manhajoji ba sa karantawa, ya ajiye 0000-00-00. Wato wani ya shigar da kwanan wata, an samu tuntuɓen yatsa, rumbun ya shafe shi shiru. Irin wannan ana iya dawo da shi daga takardar fayil ɗin majinyacin, in dai an san layin da za a nema.

Sannan ka duba ranar haihuwa da kyau. Ina da tabbacin za ka tarar da irin 1968-00-00. MySQL yana yarda da wannan ma, kuma ma'aikata suna amfani da shi da gangan idan tsoho ya san shekarar haihuwarsa bai san wata da rana ba. Wannan ba shara ba ce, bayani ne. Aminu, shi ya sa ban yarda a miƙa wa na'ura wuƙa da nama ba. Ko ta mayar da 1968-00-00 NULL, ko ta jefar da layin, a duka biyun likita ya rasa shekarun majinyacinsa.

Aminu:
Yaya Sadiya, na ji, amma tsohon rumbun ba gudu zai yi ba. In wani abu ya ɓace sai a koma a ɗauko. Ni gani nake ana son mayar da ƙaramin aiki babba.

Sadiya:
Wa zai san ya ɓace balle a koma? Kuskuren da ya tsayar da Nura yau ya yi masa alheri, don ya ɗaga murya. Wanda nake tsoro shi ne wanda zai shige ba tare da saƙo ba. Bayan wata shida an kashe tsohuwar sabar, an rubuta sababbin bayanai a kan na da, sai wani ya lura lissafin masu shekara sittin zuwa sama ya ragu. A lokacin haɗa tsoho da sabo ya fi aikin yau wuya nesa ba kusa ba. Ba ina kushe pgloader ba ne, ni ma ina aiki da shi, amma sai na rubuta masa ƙa'idojin CAST, masu faɗin yadda za a juya kowane irin bayani, da hannuna, gurbi bayan gurbi.

Kabiru:
Ni kuma bari in kare 1900-01-01 ɗin da kuka yi wa taron dangi. Na daɗe ina aiki da SQL Server, rumbun bayanai na Microsoft, kuma na ga manhajoji da yawa da suke faɗuwa da zarar sun ci karo da NULL a gurbin kwanan wata, domin wanda ya rubuta su bai taɓa tsammaninsa ba. Manhajar Nura ta saba da NOT NULL. Ya sa NULL, gobe shafin majinyaci ya ƙi buɗewa. Babu mai rai da aka haifa a 1900, kowa ya gani ya san alama ce.

Malam Habu:
Kabiru, mutum ya sani, lissafi bai sani ba. Ka nemi matsakaicin shekarun majinyata, za a haɗa da mutane masu shekara sama da 120. Ka nemi wanda ya fi daɗewa a rajista, su ne za su fito a sama. Ka cire ranar kwantarwa daga ranar sallama, za ka samu kwanaki dubun-dubata da alamar ragi a gabansu. NULL kuwa, AVG da MIN da MAX, masu fitar da matsakaici da mafi ƙanƙanta da mafi girma, duk tsallake shi suke yi da kansu. Da alamar ƙarya, dole kowane rahoto da za a rubuta daga yau har abada ya tuna ya cire ta, kuma wata rana wani sabon ma'aikaci ba zai tuna ba.

Sannan alamar ba ta tsira idan aka sake ƙaura. 1900 ba ya shiga TIMESTAMP na MySQL, wanda ya fara daga 1970 ya ƙare ranar 19 ga Janairu 2038. Masu rubuta manhaja da .NET na Microsoft suna son 0001-01-01, shi kuma ba ya shiga datetime na SQL Server ɗinka, wanda ya fara daga 1753. An zaɓi 1753 ne saboda a Satumban 1752 Ingila da ƙasashen da take mulka suka koma kalandar Giregori, aka kwana ranar 2 ga wata aka tashi ranar 14. Kowane rumbu da iyakarsa. Kai ma ka san SQL Server da kansa yana mayar da rubutun da ba komai a ciki ya zama 1900-01-01, ke nan ba za ka iya bambance wanda ka sa da gangan da wanda ya faɗo da kansa ba.

1970-01-01 kuma ya fi muni, domin akwai mutanen da aka haifa a ranar da gaske, suna nan da ransu.

Kabiru:
Maganar 1970 na yarda. Amma har yanzu ba ka amsa mini batun manhajar da za ta faɗi ba, Malam.

Malam Habu:
Manhajar dole a taɓa ta ko ta wane hali, tunda duk inda aka rubuta "idan ranar sallama ta yi daidai da 0000-00-00" PostgreSQL zai ƙi wannan umarnin ma. Tunda za a buɗe wurin, a rubuta IS NULL. In kuma akwai wani tsohon sashe da ba a iya taɓawa yanzu, a yi masa VIEW, wato tebur na nuni kawai, da zai nuna masa abin da yake so, teburin ainihi ya zauna da gaskiya.

Fatima:
Ƙarin bayani kaɗan. PostgreSQL yana da infinity, wato ranar da take gaban kowace rana, a gurbin date da timestamp. Ga wanda ba a sallama ba tukuna, wasu suna sa shi, don tambayar "su wa ke kwance a rana kaza" ta zo da sauƙi. Amma Nura ka gwada da yaren da aka rubuta manhajarka kafin ka dogara da shi, ba kowane direba, wato abin da ke haɗa manhaja da rumbu, ne yake iya karanta shi ba. Ni a wurinka NULL zan sa, in ƙara ƙaramin gurbi a gefe mai faɗin dalili: yana kwance, ba a cike ba, ko ya lalace.

Nura:
Allah ya saka da alheri. To a aikace ta ina zan fara? Fayil ɗin ko shiga bai yi ba balle in tantance.

Sadiya:
Ka buɗe teburin wucin gadi a PostgreSQL, kamanninsa ɗaya da na ainihi, sai dai duk gurbin kwanan wata ka mai da shi text. COPY zai shige ba gardama, domin rubutu ba ya ƙin komai. Kada ka buɗe CSV ɗin da Excel kafin nan, ko don leƙawa.

Daga nan kada ka fara gyara. Fara kallon siffofin da ke ciki. Ka mayar da kowace lamba ta zama 9, ka ƙirga:

`SELECT regexp_replace(ranar, '[0-9]', '9', 'g') AS siffa, count(*) FROM wucin_gadi GROUP BY 1 ORDER BY 2 DESC;`

Komai yawan layukan, siffofin ba za su wuce 'yan kaɗan ba. Kuma ka yi sa'a kana kan siga ta 16, wadda a cikinta aka kawo pg_input_is_valid. Ka ba shi rubutu ka ce masa date, zai ce maka e ko a'a ba tare da ya tsayar da aikin ba. Ka yi wa duk gurbin da yake ɗauke da kwanan wata haka, har waɗanda tun asali varchar ne, wato gurbin rubutu.

Aminu:
A siga ta 17 ma COPY yana da ON_ERROR ignore, ya tsallake lalatattun layuka ya ci gaba.

Fatima:
Yana da shi, amma layin gaba ɗaya yake jefarwa, wato majinyaci sukutum saboda gurbi ɗaya. Bai dace da wannan aikin ba.

Nura:
Na dawo. Yaya Sadiya, 1968-00-00 ɗin da kika faɗa suna nan, da yawa ma. Amma ga wata sabuwa. Akwai teburin ziyarar asibiti, gurbin ranar ziyara varchar ne, kuma siffa huɗu na samu: 9999-99-99, da 99/99/9999, da 99/99/99, sai wata mai lamba biyar zalla, kamar 42463. An gaya mini a wasu shekaru daga Excel ake loda bayanan.

Malam Habu:
Mai lamba biyar ita ce mafi sauƙi. Ƙirgen kwanakin Excel ne. Ka ɗauki 1899-12-30 ka ƙara masa lambar, 42463 zai ba ka 3 ga Afrilu 2016. Za ka ce me ya sa ba daga 1 ga Janairu 1900 ba. Dalili shi ne Excel yana ƙirga 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yi ba, ya gaje ta daga Lotus 1-2-3, manhajar lissafin da ta riga shi, don lissafinsu ya zo ɗaya. Abu guda za ka kiyaye: tsofaffin Excel na Mac daga 1904 suke fara ƙirge, tazarar kwana 1462 ce. In ka ga wani rukuni ya koma baya da shekara huɗu da kwana ɗaya, ka san daga inda ya fito.

Mai wuyar ita ce 99/99/9999. Ɗauki 03/04/2016. A tsarin Ingila 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris. Duka biyun ranaku ne na gaskiya, babu rumbun da zai yi maka ƙorafi, pg_input_is_valid ma e zai ce. PostgreSQL yana bin saitin DateStyle, wanda a sabar da aka girka da tsarin Amurka wata yake sa wa a gaba. Ka loda haka, 25/04/2016 zai yi kuskure ka gani, 03/04/2016 kuma ya juye ya zauna abinsa.

Sadiya:
Kuma tunda Excel ya shiga tsakani, ka duba wani abu. Idan kwamfutar da aka buɗe fayil ɗin tana kan saitin Amurka, kuma an rubuta rana a gaba, Excel zai karɓi duk wanda ranarsa ba ta wuce 12 ba ya juya shi, ya bar sauran a matsayin rubutu tunda babu wata na 25. Sakamakon shi ne fayil ɗaya, wani ɓangare a juye, wani daidai. Alamarsa a fili take. Ka mayar da masu lamba biyar ɗin nan kwanan wata, ka ƙirga su bisa ranar wata. In ka ga babu ko ɗaya da ya wuce 12 ga wata, alhali masu siffar 99/99/9999 na wannan lokacin duk daga 13 suka fara, to masu lambar a juye suke. Asibiti ba ya rufe ƙofa daga 13 ga wata zuwa ƙarshensa.

Nura:
Na duba. Haka yake a wani rukuni da aka loda lokaci ɗaya, babu ko ɗaya sama da 12. Sauran rukunan kuma ranakunsu sun bazu har 31.

Sadiya:
To wannan rukunin kaɗai za ka juya, ka bar sauran. Shi ya sa ba a yanke hukunci ɗaya a kan gurbi gaba ɗaya. Ka raba bisa inda bayanan suka fito da lokacin da aka loda su. Inda shakka ta rage, ka nemi shaida a cikin layin: ranar da aka ƙirƙire shi, lambar rasit da ke bin jeri, ko ranar kwantarwa. Ziyarar da aka shigar a watan Maris ba za ta zama ta Afrilu mai zuwa ba, sai in alƙawarin dawowa ne. Abin da ya gagara, kada ka yi canke. Ka sa masa alama ka miƙa wa masu kula da fayiloli. Wajen juyawa kuma ka yi amfani da to_date ka faɗi tsarin da bakinka, DD/MM/YYYY, kada ka bar wa saitin saba.

Kabiru:
A nan muna tare. Mu ma a SQL Server, hatta 2016-04-03 yana iya juyewa a gurbin datetime idan yaren zaman na Ingila ne, ya karanta shi shekara, rana, wata. Shi ya sa muke rubuta 20160403 ba tsinke.

Masu shekara lamba biyu kuma ka yi hattara. MySQL da PostgreSQL suna ɗaukar 70 zuwa 99 a matsayin ƙarnin da ya wuce, ƙasa da 70 kuma na yanzu. SQL Server yana yankewa a 2049. Excel a 2029. A ranar ziyara ba za ka sha wuya ba, tunda duk bayan 2000 ne. Amma ka leƙa ranar haihuwa ko akwai wanda aka haifa a 2068.

Nura:
Akwai su, na cire musu shekara 100. Yanzu komai ya shiga teburin ainihi. Sai dai wani abu ya ɗaure mini kai: a shafin manhaja ranar haihuwar kowa ta koma baya da kwana ɗaya. Wanda aka haifa 15 ga Yuni yana nuna 14.

Fatima:
Wane iri ka ba gurbin a PostgreSQL? Ina zargin timestamptz ne, irin da yake la'akari da yankin lokaci.

Nura:
Shi ne. A MySQL DATETIME ne, duk da ƙarfe 00:00:00 a ƙarshe.

Fatima:
To ga abin da ya faru. DATETIME na MySQL bai san yankin lokaci ba, abin da aka rubuta shi yake ajiyewa. timestamptz kuwa yana ɗaukar abin da ka ba shi a matsayin agogon yankin da zamanka, wato haɗin da ka buɗe da rumbun, yake kai, ya mayar da shi UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, ya ajiye. Ka loda a yankin da yake gaban UTC da awa ɗaya, sha biyun daren 15 ga wata ya zama sha ɗayan daren 14. Manhajar tana karantawa a UTC, ta yanke awa, ta nuna maka 14.

Kada ka gyara da ƙara kwana ɗaya. Ranar haihuwa ba ta da awa, ba ta da yanki, duk inda mutum ya je a duniya ranar ba ta canzawa. Ka mai da gurbin date, ka sake cika shi daga rubutun teburin wucin gadi. timestamptz na abin da ya faru a wani takamaiman lokaci ne, kamar sa'ar da aka ba da magani. Su kuma sai ka gano agogon da tsohuwar manhajar take bi, ka faɗa a fili da AT TIME ZONE. Ka yi amfani da sunan yanki, ba +01 ba, domin in ƙasar tana canza agogo, kamar yadda Turai ke yi a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, lamba ɗaya ba za ta yi daidai da duk shekara ba.

Malam Habu:
Ka kuma ware guraben da suke TIMESTAMP a MySQL, kada ka haɗa su da DATETIME. Su TIMESTAMP a UTC ake ajiye su, a juya su lokacin fitarwa. mysqldump, manhajar fitar da bayanai ta MySQL, yana fitar da su a UTC in ba ka hana shi ba, amma kai da SELECT ka fitar da CSV, don haka sun fito da agogon zamanka na lokacin. Tebur ɗaya zai iya ɗaukar iri biyun, kowanne da lissafinsa.

Aminu:
To ta yaya zai san ya gama? Yawan layuka dai ya zo ɗaya tun ɗazu, ga shi ana ta tono abubuwa.

Sadiya:
Yawan layuka ba ya nuna komai a kan kwanan wata. Ya ƙirga layukan kowane wata na kowace shekara a tsoho da sabo, ya jera su gefe da gefe. Duk bambancin da ya fito ya zama yana da bayaninsa: wannan sifiri ne da ya koma NULL, wannan rukunin Excel ne da aka juya. Ya duba mafi ƙanƙanta da mafi girma a kowane gurbi. Ya nemi wanda aka sallama kafin a kwantar da shi, da wanda ya zo asibiti kafin a haife shi. Sannan ya ɗauki wasu layuka ya gwada da takarda.

Nura, rubutun asalin nan kada ka goge shi. Ka ajiye shi a gurbi na gefe ko tebur daban mai lambar layi. Masu 1968-00-00 ka buɗe musu gurbin shekarar haihuwa, ranar ta zauna NULL.

Kabiru:
Ni dai da 1968-01-01 zan sa musu da alamar "ƙiyasi" a gefe, don lissafin shekaru ya tafi da gurbi ɗaya.

Sadiya:
Wannan ina iya zama da shi, tunda shekarar gaskiya ce kuma alamar tana nan. Sharaɗin shi ne duk inda za a buga ranar, a kati ko a takardar sallama, a duba alamar a nuna shekara kaɗai.

Nura:
Zan kai wa masu asibitin zaɓi biyun su faɗi wanda ya dace da katinsu. Tambaya ta ƙarshe: ina son sa sharaɗin CHECK a teburin da zai hana ranar sallama ta riga ranar kwantarwa, amma akwai tsofaffin layukan da suka saɓa, kuma ba a gama duba takardunsu ba.

Malam Habu:
Ka sa shi da NOT VALID. Zai tsare duk sabon layi daga yau, ya ƙyale tsofaffin. Sai dai ka sanar da ma'aikata cewa duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin nan zai gyara wani abu, ko lambar waya ce, rumbun ba zai karɓa ba sai an daidaita ranakun. Idan an gama bin takardun sai ka gudanar da VALIDATE CONSTRAINT, ya duba har da tsofaffin.